Kafin Dala Akwai Riyal: Azurfar Potosi da Waɗanda Suka Haƙo Ta

Tun da aka sanar a watan Janairun 2025 cewa Najeriya ta shiga sahun ƙasashe abokan hulɗar ƙungiyar BRICS ta su Sin da Rasha da Indiya, muhawarar dala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A majalisar 'yan canji ana yin ta, a teburin mai shayi ana yin ta, a Facebook kuwa ba a magana. Wasu na cewa dala ba ta da magaji, domin ba a taɓa yin kuɗin da duniya duka ta yarda da shi ba sai ita. Wasu kuma na cewa duk masifar daga takarda take, da za a koma zinariya da azurfa da tsada ta mutu, zalunci ya kau.

To, an taɓa yin kuɗin duniya na ƙarfe? Kuma da aka yi shi, ya hana tsada da zaluncin? An taɓa yi, ya kuma yi zamani na kusan shekara 300. Na azurfa ne, tambarin sarkin Sifaniya ke jikinsa, kuma labarinsa bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ba.

Wane kuɗi ne wannan?

Ƙaramin kuɗin Sifaniya sunansa real, ma'ana na sarki. Guda takwas ake haɗawa a buga tsaba ɗaya mai nauyin giram 27, ita ake kira peso. Wannan tsabar ce fatake suka riƙa karɓa a Istanbul da Surat da Kanton da Amsterdam ba tare da sun san sarkin da ya buga ta ba.

Sunanta bai mutu ba. Alhajin da ke lissafin guzurinsa da riyal a Makka, sunan kuɗin Sifaniya yake kira, domin daga real kalmar ta fito. Amurka ma da ta tashi yin dalarta a 1792, a kan nauyin peso ta auna ta, kuma peso ta ci gaba da zama halastaccen kuɗi a kasuwannin Amurka har 1857. Ko a nan gida, tsofaffi sun san liyari, babbar tsabar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta. Ita ta Ostiriya ce, amma sunan riyal ta ara.

Dutsen da ake shiga ranar Litinin

A 1545 wani ɗan asalin ƙasar mai suna Diego Gualpa ya gano jijiyar azurfa a wani dutse a ƙasar da yanzu ake kira Bolibiya. Wurin tudu ne mai tsayin mita 4,000 daga teku, ga sanyi, ga ƙarancin iska, shuka ba ta yi. Amma kafin shekara 70 garin Potosi da ya tsiro a gindin dutsen ya shiga sahun manyan biranen duniya, ƙidayar da ake yawan ambata ta farkon ƙarni na 17 ta ba shi mutum 160,000.

Da farko 'yan ƙasa ne ke riƙe da sana'ar. Su suka san yadda ake narka dutsen a ƙananan murahun yumɓu da ake jerawa a gangare iska na hura su. Da dutse mai kyau ya fara ƙarewa sai fitar azurfa ta faɗi. Nan ne wakilin sarkin Sifaniya a Peru, wadda Potosi ke ƙarƙashinta a lokacin, Francisco de Toledo, wanda ya iso a 1569, ya haɗa abubuwa biyu da suka sauya komai.

Na farko zaiba. An riga an gano a Meziko cewa idan aka niƙa dutse ya zama gari, aka cuɗa shi da gishiri da zaiba, zaibar za ta kama azurfar, sai a ƙona ta ta tashi ta bar ƙarfen. Ga kuma mahaƙar zaiba a Huancavelica, cikin Peru. Duk wanda ya san yadda masu haƙar zinariya ke wanke gari da zaiba a ƙauyukanmu ya san aikin, ya kuma san abin da hayaƙinta ke yi wa jiki: rawar hannu, zubar haƙora, dalalar miyau.

Na biyu shi ne mita. A zamanin daular Inka kalmar na nufin karɓa-karɓa, kowane gari ya ba da mutane su yi wa hukuma aiki na ɗan lokaci, ita kuma ta ciyar da su. Toledo ya ɗauki sunan ya zuba masa wani abu daban. Daga 1573, larduna 16 za su riƙa turo kashi ɗaya cikin bakwai na mazansu masu shekara 18 zuwa 50, kimanin mutum 13,500 kowace shekara. A takarda, mutum zai yi aikin mako ɗaya ya huta biyu, kuma za a biya shi.

Daga lardin Chucuito kaɗai, a bakin tafkin Titikaka, maza 2,200 ke tashi. Ba su tafiya su kaɗai, domin ladan ba zai ciyar da su a garin da komai sai an sayo daga nesa ba. Sai su kwashi mata da yara, ayarin ya haura mutum 7,000, su ɗora masara da busasshen dankali a kan dabbobinsu na lama, su yi wata biyu a hanya.

Wani limamin coci, José de Acosta, ya ga aikin da idonsa a wajejen 1570 da wani abu. Ya ce tsanin na igiyar fata ne da matakan itace. Mutum uku-uku ake hawa, kowa da buhun dutse mai nauyin kilo ashirin da wani abu ɗaure a bayansa, na gaba da kyandir ɗaure a babban yatsansa, domin hannu biyu duk na riƙe da igiya. Daga baya aka wayi gari ma'aikata na shiga ramin ranar Litinin, ba su fitowa sai Asabar. Kuma ba da yini ake auna aiki ba, da yawan buhu ne. Wanda bai cika adadi ba a yanke masa lada, shi ya sa wasu ke shiga da ɗa ko ƙane ya taya su. Makonni biyun hutun ma aiki ake nema a cikinsu don a biya bashi.

A gidan buga kuɗin garin kuma akwai bayi 'yan Afirka, su ke aikin wuta da guduma.

Wa ya ci riba a gida?

Sarki na da kashi ɗaya cikin biyar na duk azurfar da aka fitar. Bayansa sai masu injinan niƙa, Turawa da 'ya'yansu da aka haifa a can, waɗanda ake raba wa 'yan mita kamar yadda ake raba taki. Su ne manyan gari, su ke sayen kujerun majalisar birni, su ke gina coci, su ke aurar da 'ya'yansu ga alƙalai.

Amma akwai wani rukuni da ake yawan mantawa da shi, wato sarakunan gargajiya na 'yan ƙasa, kuraka. Bature ba ya bin gida-gida. Kuraka ne zai tara mutanensa ya kai su, idan adadi bai cika ba shi za a kama, a ci shi tara, wani lokaci a yi masa bulala a bainar jama'a. Wasunsu sun talauce suna cike giɓi daga aljihunsu. Wasu kuwa sun gane kan abin, suka zama manyan fatake masu kai giya da ganyen koka Potosi, suna sa tufafin Turawa, suna hawan doki. Wanda kakansa ya ba shi labarin ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa bi ta hannun hakimai da dagatai ana tura mutane haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mutane ba su zauna an yanka su ba. Da yawa sun gudu daga garuruwansu suka koma inda sunansu ba ya cikin rajista, suka rasa gona amma suka tsira daga rami. Gari ya ragu, adadin da ake nema bai ragu ba, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage.

Sai kuma wani salo ya ɓullo wanda ya tona asirin tsarin. Mai hali zai iya biyan kuɗi a maimakon zuwa, wai don a ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa. Da dutsen ya fara tsufa, masu injina da yawa sai suka daina ɗaukar kowa, suna zuba kuɗin a aljihu. Har suna aka ba abin, ana cewa 'yan ƙasa na aljihu. Mai rami da ba ya fitar da komai yana karɓar haraji daga ƙauyawa da sunan haƙar azurfa. A ganina wannan ne ya sa mita ta daɗe fiye da amfaninta ga sarki: ta zama abincin wasu manya, kuma manya ba sa sakin abinci da lalama.

Limaman coci sun hana ko sun halatta?

Duka biyun, kuma nan ne masu son labari mai fuska ɗaya ke shan wahala.

Hujjar Sifaniya ta mallakar waɗannan ƙasashe tun asali ta addini ce. A 1493 Fafaroma Alexander na Shida ya ba sarakunanta yankin bisa sharaɗin su shigar da mutanensa Kiristanci. Amma daga cikin cocin ne kuma aka sami masu ƙara mafi ƙarfi. A 1537 Fafaroma Paul na Uku ya fitar da hukuncin cewa 'yan asalin Amurka mutane ne masu hankali, bai halatta a bautar da su ba. Wani limami, Bartolomé de las Casas, ya yi shekaru yana faɗa a kan haka, har aka yi zaman muƙabala a Valladolid a 1550 tsakaninsa da Juan Ginés de Sepúlveda mai cewa yaƙarsu halal ne. A shekarar nan dai wani limami, Domingo de Santo Tomás, ya rubuta wa hukuma yana kiran Potosi bakin jahannama.

To ta yaya mita ta wuce? Ta ƙofar lafazi. Ɗan mita ba bawa ba ne, ba a sayar da shi, ana biyan shi lada, kuma aikinsa maslahar jama'a ce, domin da azurfar ake kare addini daga Turkawa da 'yan Furotesta. A 1570 Toledo ya tara manyan limamai da masana shari'a a Lima, suka sa hannu cewa tilasta aikin ma'adinai ya halatta. Babban limamin Lima, Jerónimo de Loaysa, na cikinsu. Da ajali ya matso a 1575 ya janye amincewarsa, ya nemi a sanar da sarki. Ba abin da ya sauya, ayari ya riga ya kama hanya.

Ganyen koka ma haka. Taron limamai a Lima ya yi tir da shi a 1567, ana ganin yana da alaƙa da tsafi. Amma ma'aikaci ba ya iya yini a rami ba tare da ya cusa shi a kumatu ba, shi ke kashe yunwa da gajiya, kuma ushirin da ake karɓa daga gonakinsa na cikin manyan hanyoyin samun cocin Kusko. Tir ɗin bai je ko'ina ba.

Ko cikin masu mulki an sami wanda abin ya dama. Wakilin sarki Conde de Lemos ya rubuta a 1670 yana neman a soke mita, yana cewa abin da ake kaiwa Sifaniya jini da gumin mutane ne. Sai a 1812 aka soke ta a doka.

Me ya ja azurfar zuwa ƙasar Sin?

Sinawa ne suka fara yin kuɗin takarda a duniya, su ne kuma suka fara ganin ya lalace. Daular Ming ta buga shi ba ƙaƙƙautawa har mutane suka ƙi karɓa a ƙarni na 15, 'yan kasuwa suka koma auna azurfa a sikeli. Wajen 1580 babban waziri Zhang Juzheng ya game haraji iri-iri da aikin hukuma ya mai da su biya ɗaya, da azurfa. Ƙasa mafi yawan jama'a a duniya ta koma kan ƙarfen da ba ta da shi da yawa.

Saboda haka azurfa ta yi tsada a can. A Kanton awo shida ko bakwai na azurfa na sayen awo ɗaya na zinariya, a Sifaniya sai da goma sha biyu ko fiye. Kowane ɗan canji ya san abin da zai biyo baya. Japan ta riƙa turawa daga mahaƙar Iwami. Sifaniyawa kuma, bayan Andrés de Urdaneta ya gano hanyar komawa Meziko ta tekun Pasifik a 1565, suka kafa Manila a tsibiran Filifin a 1571. Daga nan har 1815 jiragen ruwa na tashi daga Akapulko ta Meziko da azurfa, su komo da siliki da tangaran. Mafi yawan azurfar Potosi ta Panama take bi zuwa Sabiliya ta Sifaniya, amma ko ita ba ta zama: kamfanonin Ingila da Holan na kwasar ta zuwa Indiya da Sin, domin Turai ba ta da wani kaya da Asiya ke so kamar ta.

A Manila ma addini da ciniki a cuɗe suke. Fataken Sin da masu sana'arsu sun ninka Sifaniyawa yawa, aka killace su a wata unguwa, Parian, a inda bindigogin ganuwa ke iya kaiwa. Wanda ya karɓi Kiristanci kuwa an ba shi Binondo a 1594, ya zauna da iyali ya mallaki fili. Zaman na dole ne da tsoro: a 1603 aka kashe Sinawa kimanin 20,000, garin ya rasa masu burodi da teloli da kafintoci, ba a daɗe ba aka koma neman su dawo.

Manomin Sin kuwa da tsabar tagulla yake sayar da shinkafarsa, haraji kuma da azurfa ake karɓa. Duk lokacin da azurfa ta hau, harajinsa ya hau ba tare da an ƙara ko anini a takarda ba. Haka ta faru a shekarun ƙarshe kafin daular Ming ta faɗi a 1644, ga fari ga yunwa. Masana na jayayya kan girman rawar da azurfa ta taka a faɗuwar, amma ciwon mai samu da kuɗi ɗaya yana biya da wani, ɗan kasuwar da ke sayarwa da naira yana saro kaya da dala ya san shi.

Ita Sifaniyar ta yi arziki?

Sarakunanta sun ci azurfar tun kafin ta iso. Yaƙi a Holan na shekara 80, yaƙi da Turkawa, rundunar ruwan da aka tura Ingila a 1588, duk da bashi aka yi su, daga gidan Fugger na Jamus da bankunan Jenowa. Jirgi na isowa, masu bin bashi na jira a bakin ruwa. Gwamnati ta kasa biya a 1557 da 1575 da 1596 da 1607 da 1627 da 1647.

Farashi kuma ya ninka kusan sau huɗu cikin ƙarni na 16. Tun a 1556 wani malamin coci, Martín de Azpilcueta, ya lura cewa inda kuɗi ya yi yawa darajarsa na faɗuwa, ko da na azurfa ne. A nan dole a ba masu son ƙarfe haƙƙinsu: ninki huɗu a shekara 100 bai kai kashi biyu cikin ɗari a shekara ba, abin da mu yau za mu yi sadaka idan muka samu. Ƙarfe na taka wa mai mulki birki, ba ya iya buga shi da dare ɗaya.

Sai dai mai mulki na da wata ƙofar. Daga 1599 Sarki Philip na Uku ya riƙa buga tsabar tagulla zalla, a 1603 ya sa aka sake buga tambari a kan tsofaffin aka ninka darajarsu. Azurfa na hannun fatake da masu ba da bashi, lebura da mai tallan burodi kuma aka bar su da tagullar da ke narkewa a hannu.

Ita peson ma an ci amanarta. A shekarun 1640 wasu attajiran Potosi suka haɗa baki da jami'an gidan buga kuɗi suna ƙara tagulla a cikinta. 'Yan canji a Turai da Asiya suka gane, suka fara ƙin duk tsaba mai alamar Potosi. Sarki ya tura mai bincike, Francisco de Nestares Marín, aka kashe babban attajiri Francisco Gómez de la Rocha a 1650, aka janye tsabar, aka sauya mata zane. Wanda ya ajiye ta a tukunya yana ganin ya ajiye azurfa, shi ya kwana ciki.

Inda zaren ya taɓo mu

Da azurfar nan Turawa ke sayen yadin Indiya da wurin tsibiran Maldives. Wurin a ƙasan jirgi ake zuba shi, a kai Amsterdam da Landan, a sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, a sayi bayi da shi a Wida da maƙwabtanta. Daga gaɓa ya riƙa haurowa arewa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce.

Abin da ya rage a ƙasa

Akwai adadin da ke yawo cewa mutum miliyan takwas suka mutu a dutsen. Masana tarihin da suka bi rajistocin ba su yarda da shi ba, suna nuna cewa raguwar jama'ar lardunan ta haɗa da annoba da gudun hijira, kuma zuwa farkon ƙarni na 17 'yan ƙwadago masu karɓar lada da son ransu sun fi 'yan mita yawa a Potosi. Masu kare Sifaniya na riƙe wannan su ce an yi ƙari. Amma 'yan mita ake turawa inda ɗan ƙwadago ya ƙi shiga, kuma arhar su ce ta riƙe ramukan da ba su da riba.

A 2010 masaniyar tattalin arziki Melissa Dell ta gwada ƙauyukan Peru da ke gefe biyu na tsohuwar iyakar mita. Ta samu cewa na cikin iyakar, kusan shekara 200 bayan soke tsarin, abin da gida ke kashewa ya yi ƙasa da kimanin kashi 25 cikin 100, yaransu sun fi tsumburewa, hanyoyinsu sun fi lalacewa.

Dutsen na nan, kuma har yau ana haƙarsa. Ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa ne ke shiga neman kuza da tutiya da ragowar azurfa, ƙurar rami na cinye huhun da yawansu tun suna da sauran ƙarfi. A waje Katolika ne, a cikin rami kuma akwai gunkin da suke kira Tio, wato kawu, suna ajiye masa ganyen koka da taba da barasa kafin su fara aiki. UNESCO ta sa Potosi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A 2011 wani babban rami ya buɗe a ƙololuwar dutsen saboda cikinsa ya zama kamar gidan gara, a 2014 aka mai da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari. Gwamnati ta riƙa zuba siminti mara nauyi a saman don kada ya rufta, mahaƙa kuma na ci gaba da aiki a ƙasansa.